Jinginar Ɗakin Ƙanena

Sana'ata sayen kayan hannu ce da sayar da su: babura, firji, janareto, keken ɗinki, duk abin da mutum ya saya da murna ya dawo yana sayarwa kai a sunkuye. Rumfata tana wajen Ƙofar Doka. Ban gaje ta ba. Gidanmu a Ƙofar Jatau gidan karatu ne da aikin gwamnati, ni kaɗai na ajiye boko tun ina ƙaramar sakandare na bi kasuwa. Mahaifinmu ya rasu bai gama hucewa da ni a kan wannan ba, ko da yake da kuɗin kasuwar aka yi jinyarsa.

Muna da wata al'ada a tsakaninmu dillalai. Idan ɗan'uwan ɗayanmu ya kai kaya sayarwa wajen wani, ba a korarsa, ba a kuma yi masa tambaya. A saya, a biya shi, a tura kayan can baya a rufe da buhu, sannan a kira ɗan'uwan nasa a nuna masa. Abin da ya ga dama ya yi. Dalilin a fili yake: wanda ya tsallake rumfar yayansa ya kai kaya rumfar wani, ba farashi yake nema ba, ɓuya yake yi.

Wata safiya ina jera kaya, maƙwabcina a kasuwar, wani dattijon dillali mai yawan barkwanci, ya leƙo.

"Alhaji, in ka gama shafa wa gawarwakin nan naka mai, zo ka taya ni duba wani babur."

"Tun yaushe ka fara neman shawarata a kan babur?"

"Tun da idona ya fara ganin biyu-biyu. Zo dai."

Ya kai ni bayan rumfarsa ya ɗaga buhu. Ban buƙaci duba lamba ba. Ni na zaɓi babur ɗin shekarun baya, na sa aka sauya masa sarƙa, na ba ƙanena a kan kuɗin da na saye shi. Na tambaye shi nawa ya ba ƙanena, ya faɗa mini. Bai danne shi ba.

"Ka yi masa adalci," na ce.

"Albarkacinka ya ci. Da wani ne, da na rantse masa injin ya kusa bugawa." Ya mayar da buhun. "Ya ce mini wai sabo zai saya. Na ce Allah ya sa alheri. Amma Alhaji, mai sayen sabo ba ya ta waiwayen tsoho har ya fita kasuwa."

Na ce ya sayar da abinsa, kada ya riƙe domina. Mayar wa mutum abin da ya sayar a ɓoye tonon asiri ne.

Ƙanena malamin sakandaren gwamnati ne. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, na ba shi shekaru masu yawa. Shi ne ya riƙe abin da gidan yake alfahari da shi: ya yi digiri, ya sami aiki, unguwa tana ce masa Malam tun gemu bai cika masa ba. Yana zaune a sashensa na gidan gado da matarsa da 'ya'yansu. Albashin malami kuwa kowa ya san shi, ba ya kai ƙarshen wata sai da rarrafe. Shi ya sa ya nemi digiri na biyu, kuma har yau ban ga laifin lissafinsa ba. Da wannan takarda zai bar sakandare ya koma koyarwa a kwaleji, albashi ya ɗaga. Ba zai iya barin aiki ya zauna karatu ba, sai ya sami wata jami'a ta kuɗi a wata jiha, tafiyar rabin yini, mai yin karatun a ƙarshen mako da lokacin hutu. Kuɗinta da tsada. Na tambaye shi a lokacin ina zai samo, ya ce ƙungiyar ma'aikata ta wurin aikinsu tana ba da rance ba ruwa, ana cira a albashi. Na ce to, Allah ya taimaka. Na kuma ƙara da wata magana irin tawa, na ce karatunku ba ya ƙarewa, albashinku ba ya ƙaruwa. Ni wasa na yi. Shi kuwa bai sake kawo mini maganar kuɗin makaranta ba.

Ranar da na ga babur ɗin, na bari sai bayan la'asar, na tare shi a zaure yana shigowa a ƙafa da jakarsa a hammata.

"Malam, ina babur?"

"Yana wajen gyara, Yaya."

"Wane makanike ne yake rufe babur da buhu a Ƙofar Doka?"

Ya tsaya cak. Sannan ya zauna a kan dakali, ya ɗora jakar a cinya, ya faɗa mini komai yana kallon ƙasa.

Ya gama darussa, ya ci jarrabawa, ya shiga rubutun bincike har ya yi nisa. Sai malamin da ke duba masa aikin ya bar jami'ar ya tafi ƙasar waje. Wani malamin ya bi bayansa. Waɗanda suka rage ba su kai matsayin da za su yaye ɗalibin digiri na biyu ba. Jami'ar ta yi ta cewa ana neman wasu, a dai ci gaba da biyan kuɗin zango don kada suna ya fita daga rajista. Ɗalibai suka yi ta biya. Daga ƙarshe aka liƙa sanarwa cewa an rufe kwas ɗin. Mai so ya koma wani fanni ya fara daga farko, da sabon kuɗi. Wanda ba ya so a ba shi sakamakon darussan da ya yi, shi ma da kuɗinsa. Ƙanena ya karɓi sakamakon ya zaga da shi wasu jami'o'i, duk suka ce sai dai ya fara daga tushe.

"Yaushe aka yi wannan?"

"An kusa shekara."

"Kuma kullum da safe kana gaishe ni, ina tambayarka karatu, kana cewa alhamdulillahi."

"Me zan ce maka, Yaya? In ce maganarka ta fito?"

Ya ci gaba. Rancen ƙungiya bai isa ba, don haka a shekara ta biyu ya je wani ƙaramin banki mai ba ma'aikata rance da ruwa. Wannan ne ainihin abin da yake ɓoyewa. A zauren da muke zaune ɗin kakanmu ya karantar da fiƙihu, a ce jikansa ya ci bashi da ruwa ba magana ce mai daɗin fita ba. Ƙungiya tana cirar nata, banki yana cirar nasa tun kafin albashi ya taɓa hannunsa, kuma duk watan da gwamnati ta yi jinkirin biya, banki ya ɗora tara. Abin da ke saura ba ya kai su tsakiyar wata. Da kuɗin babur ya sayi masara ya biya kuɗin makarantar yara.

Ni a wurina maganar mai sauƙi ce. An yi ciniki, an karɓi kuɗi, ba a ba da kaya ba. A kasuwa idan haka ta faru, sai ka ɗauki dattijo ka je wajen mai kayan, a shimfiɗa tabarma. Ko bai mayar da duka ba zai mayar da wani abu, don yana da surukai, yana da masallacin da yake salla, ba zai so a ji ba. Na je na sami Baffanmu, ƙanen mahaifinmu, wanda ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya, ga shi kuma da karatun zaure. Na gaya masa maganar jami'a, na haɗa da ta banki, don ba a ɗaukar dattijo a tafi da shi a makance. Ya ce Allah ya yafe mana, yanzu hanyar fita ake nema.

Muka tafi mu uku a motata. Baffa ya sa babbar rigarsa ta fita kunya, ya naɗa rawani. Ƙanena ya ce tun a hanya ba abin da za a samu, ɗalibai sun je sun gaji, har sun haɗa kuɗi sun ɗauki lauya, ana ta ɗaga shari'ar. Na ce su ɗalibai ne, ba su san yadda ake bin kuɗi ba.

Wurin yana da kyau, ga fenti, ga furanni. Aka yi ta tura mu daga ofis zuwa ofis, Baffa yana jan ƙafa, har muka kai wajen wani jami'i mai kula da karatun gaba da digiri. Ya karɓe mu da mutunci, ya tashi ya ba Baffa kujera, ya sa aka kawo ruwa. Bayan gaisuwa na ɗauki magana.

"Yallaɓai, ni ɗan kasuwa ne, ka yi mini uzuri. Ƙanena ya biya kuɗin digiri, ko ba haka ba?"

"Ya biya kuɗin karatu, Alhaji. Kuma an karantar da shi."

"In karatu ne muna da shi a gida, ga mai shi nan zaune. Takarda ya zo nema."

"Ba a sayar da takarda a nan."

"To me ake sayarwa?"

Baffa ya taka mini ƙafa a hankali, ya karɓi maganar. Ya yi ta da Turanci irin na tsofaffin ma'aikata, a tsanake, ya roƙi a duba ko da kuɗin zangunan da aka biya alhali babu malami. Jami'in ya saurara har ƙarshe. Ya ce ya fahimta, shi ma abin ya dame shi, amma majalisar jami'a ce ta yanke. Na ce a nuna mana majalisar. Ya ce ba ta zama sai lokacinta. Na ce mai jami'ar fa, ai dai akwai wanda ya gina ta. Ya ce kwamitin amintattu ne ke riƙe da ita, kuma ba a nan suke zaune ba. A rubuto koke, zai miƙa.

Na dube shi da kyau, don karatun fuska sana'ata ce. Ba mugu ba ne, ba kuma ƙarya yake yi ba. Wuyan rigarsa ya fara cinyewa. Shi ma irin mutanen da ke kawo mini firji ne. A nan na gane mun ɗauko dattijo da rawaninsa mun kawo shi inda babu wanda zai ji kunyarsa.

A hanyar dawowa, da muka kusa gida, Baffa ya ce, "Na yi shekaru ina ba mutane irin amsar nan. Yau na ji yadda take a kunne." Ƙanena yana baya, yana kallon waje.

Bayan 'yan makonni Baffa ya aika a kira ni. Ya ce ƙanena ya zo masa da shawarar da ya yanke: zai sayar da sashensa na gidan, ya biya banki, ya rage na ƙungiya, ya kama haya a Tudun Jukun, can bayan ganuwa.

"Ka san ƙa'ida," in ji Baffa. "Ɗan gida ake fara yi wa tayi. Kai ne mai hali a cikinku. Sai ka ce ba ka so kafin a kai wa bare."

Na san abin da ke faruwa idan bare ya saya. Na ga gidaje a unguwarmu. A ja katanga a tsakar gida, a fasa sabuwar ƙofa ta baya, gidan da ake shiga ta zaure ɗaya ya koma kamar layin shaguna. Kuma ɗan birni idan ya sayar da gadonsa ya fita haya, ban taɓa ganin wanda ya dawo ba. Sai dai ya zo gaisuwar salla ya zauna a zaure kamar baƙo, 'ya'yansa su tashi ba su san wane ɗaki aka haifi ubansu ba. Idan kuma ni na saya, na san abin da za a ce. Ni mutum ne mai sayen kayan wanda ya matsu. Da shi na ci, da shi na sha, da shi na je Makka, ba na kuma neman afuwar kowa a kai, don ban taɓa tilasta wa wani ba. Amma za a ce dillalin nan ya saba, har ya kai ga na ƙanensa. Kuma ko ba a faɗa ba, ƙarshen dai ɗaya ne, shi zai fita.

Na ce wa Baffa ya ba ni lokaci in yi tunani. Ban yi wani tunani ba, na yi abin da muke yi a kasuwa. Idan bashi ya kama naka, ba ka zuwa wajensa. Ka je wajen mai bin bashin da kuɗi a hannu, ku yi ciniki ya rage, ka biya, ka ce ya gaya masa an biya, kada ya ambaci suna. Wanda aka biya wa ya san ko wane ne, amma tunda ba a faɗa ba, ba sai ya yi godiya ba. Ya ɗan ƙara rusunawa a gaisuwa na wani lokaci, magana ta mutu. Na yi wa mutane haka, an kuma taɓa yi mini.

Na karyar da wasu janaretoci da nake jiran su yi tsada, na haɗa da abin da ke hannuna, na tafi bankin. Manajan yaro ne matashi mai ƙaramin gemu. Na ce na zo sayen bashin ƙanena, amma ba da tarar ba.

"Alhaji, ai nan ba rumfa ba ce."

"Ko'ina aka ga kuɗi a hannu rumfa ce. Ka karɓi uwar kuɗi yau, ko ka ci gaba da jiran albashin gwamnati. Wanne ya fi maka barci?"

Ya yi dariya, ya shiga ciki, ya yi waya, ya fito. Aka yafe tarar da wani abu daga ruwan. Na biya. Na ce masa sunana kada ya fita. Ya ce ba komai, Alhaji. Na fito ina jin na sauke kaya.

Abin da ban lissafa ba shi ne banki ba mutum ba ne da zai riƙe baki. Kafin in isa rumfa, na'urarsu ta tura wa ƙanena saƙo a waya, an rufe bashi, ga sunan wanda ya biya ɓaro-ɓaro.

Da azahar sai ga shi a kasuwa da kayan aiki, alli a hannun rigarsa. Rabonsa da zuwa rumfata an daɗe.

"Yaya, wa ya aike ka?"

"Zauna, Malam, mutane na kallo."

"Na ce wa ya aike ka?"

"Sai an aike ni a kan maganar gidanmu?"

Ya zauna a kan wani firji da ke kwance. Muryarsa ba ta tashi ba.

"Banki yana bina, na san ranar da zan gama da shi. Kai fa? Yaushe zan gama da kai?"

"Ba na binka ko sisi."

"Abin da nake faɗa ke nan. Na ce zan sayar da sashena. Ka biya kuɗinsa, ka bar ni a ciki. Ke nan a gidanka nake zaune. 'Ya'yana a gidanka za su tashi. Ni ne na yi karatun, kai ne ka biya wa karatun diyya, duk Ƙofar Jatau za ta sani."

"Wa zai faɗa musu?"

"Ni na sani, Yaya. Ya isa."

Ya ce sashen ya zama nawa, zai kira shaidu ya miƙa mini, shi kuma ya koma Tudun Jukun kamar yadda ya shirya. Ya tashi ya tafi. Maƙwabcina ya leƙo zai yi barkwancinsa, ya ga fuskata, ya koma.

Na kashe kuɗi don kada ya fita, kuɗin kuma suka zama abin da zai fitar da shi. Makonnin da suka biyo baya sun gajiyar da ni fiye da duk wani ciniki da na taɓa yi. A gidanmu maza a zaure suke cin abincin dare tare, kowane sashe ya fito da kwanonsa. Ya daina fitowa. Gaisuwar safe tana nan, a tsaye, a taƙaice. Matata da matarsa, waɗanda ba su taɓa samun saɓani ba, suka koma aron turmi ta hannun yara. Na ji har ya je ya duba wani gida ciki da falo a Tudun Jukun. Na yi fushi, na huce, na sake yin fushi. Wani lokaci in ce ya tafi mana, ai ba yaro ba ne. Sai in wuce ta ƙofar sashensa in ji 'yarsa ƙarama tana karatun allo da muryarta mai tsini, in rasa abin da ke mini daɗi.

Baffa ne ya kira mu wata Asabar da hantsi. Ya zaunar da mu a gabansa kamar yaran da suka yi faɗa a kan ƙwallo. Ƙanena ya maimaita matsayinsa: ko in karɓi sashen, ko ya sayar wa wani ya mayar mini da kuɗina. Na ce ba na son sashe, ba na son kuɗi, ya zauna a ɗakinsa kawai.

Baffa ya dube shi ya ce, "Kai ba ka son kyauta." Ya dube ni ya ce, "Kai kuma ba ka son gida. To a mayar da shi bashi na sosai, ba ruwa, a riƙa biya wata-wata, a sa jingina. Ba sashen duka ba. Ɗaki ɗaya."

Ƙanena ya juya maganar. Sannan ya ce ya yarda, ya kuma zaɓi ɗakin da kansa: na bakin ƙofar sashen, inda yake karatu, inda kuma manyan 'ya'yansa maza ke kwana.

"To madalla," na ce. "A ce an jinginar, ya ci gaba da amfani da abinsa."

"Jinginar da ke hannun mai ita ba jingina ba ce, Yaya. Kai ka fi kowa sani. Ka taɓa karɓar jinginar babur ka bar mai shi yana hawa?"

Baffa ya ce gaskiyarsa, sai an damƙa. Na ce to in haka ne zan zuba kaya a ciki, da ma ina neman wurin ajiya, don dai ya ji abin ya zama ciniki. Baffa ya girgiza kai. Ya ce wanda ya ba da rance bai halatta ya ci moriyar jingina ba, in ya ci, ruwan da aka guje wa ne ya dawo ta taga.

"Baffa, shi ba zai shiga ba, ni ba zan shiga ba. Wa zai shiga?"

"Ba kowa. A kulle, ka riƙe makulli."

"A kulle ɗaki a gidan da yara ke kwana kan juna? Wannan ai hauka ne."

"Hauka ne, amma mai arha. Kai da ka san arha, duba da kyau. Ɗaki ɗaya a kulle, ko sashe guda a hannun bare?"

Na dubi ƙanena ko zai yi dariya. Bai yi ba. Amma a karon farko tun ranar da ya zo kasuwa ya ɗaga kai ya dube ni ido cikin ido. Na ce na yarda.

Ranar aka kwashe ɗakin. Ya fitar da tebur da littattafai, da wani kwali cike da rubutun binciken da bai ƙarasa ba, ya tura shi ƙarƙashin gado a ɗakin matarsa. Yaran maza suka koma kwana a soron Baffa. Shi ya sayo kwaɗon da kuɗinsa, ya kulle, ya miƙa mini makullin a gaban Baffa da limamin unguwa.

Tun daga nan duk ƙarshen wata yana kawo mini abin da aka yanka. Watan farko na ce masa ai babu gaggawa, na ga fuskarsa ta sauya, ban ƙara ba. Yanzu in ya kawo, sai in ƙirga a gabansa kamar yadda zan yi wa wanda ban sani ba, in ce sun cika, ya ce to. Ƙungiya har yanzu tana cirar nata. A yadda ake tafiya, sai babban ɗansa ya kusa gama sakandare kafin mu rabu. Shari'ar ɗalibai ban san inda ta tsaya ba, ya daina ba da gudummawar lauya. Maganar komawa karatu kuwa ba ya yinta, ni ma ba na ɗauko ta. Yana koyarwa a makarantarsa, yana tafiya a ƙafa. Abincin zaure wata rana ya fito, wata rana bai fito ba.

Da damina ta matso bara, ya same ni da safe ina shirin fita.

"Yaya, rufin ɗakin can ya tsage ta gabas. In ruwa ya sauka zai zuba."

"To a gyara mana. Ɗakinka ne."

"Makulli yana hannunka."

"Sai mu tambayi Baffa wa gyara ya hau."

"Na tambaya. Ya ce a kan mai ɗaki yake. Na yi magana da magini, gobe zai zo. Kai dai ka buɗe masa."

"In kawo siminti? Ina da ragowar buhu."

"Nawa za ka sayar mini?"

Na faɗi kuɗin da na saya. Ya ce ya yi tsada, ai ragowa ne, ya sha iska. Muka ja, na rage masa, ya biya.

Washegari ban je kasuwa da wuri ba. Na buɗe ɗakin, warin rufaffen ɗaki ya buge mu, gizo-gizo ya yi saƙa a inda teburin yake. Magini ya hau ya yi aikinsa, ni ina tsaye a ƙofa, ƙanena yana waje yana miƙa masa ruwa, bai taka ciki ba. Da aka gama na share ƙasar da ta zubo, na jawo ƙofa na kulle. Ya matso ya kama kwaɗon ya ja, ya tabbatar ya kama, sannan ya ɗauki jakarsa ya tafi makaranta.